Ina ake samun kayan koyar da tarihi da labarin ƙasa a intanet, waɗanda za su shiga aji da gaske?

Mushe Na'Adar, Tawa

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani CEG, wato ƙaramar sakandare, a nan Tawa, ajin 4e da 3e, kowane aji yaran sun haura saba'in. Littafin ɗalibi bai wadata ba, taswirar bango ta tsufa, wutar lantarki kuma ba ta kai ajujuwa ba sai ofishin darakta. Abin da ke hannuna wayar Android ce, da kwamfuta guda ta makaranta wadda ake ara.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, waɗanne shafuka ne za a amince da su a kan tarihin Nijar da na ƙasar Hausa, musamman shigowar Turawa da shata iyakoki? Duk abin da na nema, ko dai darasin da aka shirya wa yaran Faransa ya fito, ko rubutun Facebook wanda ba a san mai shi ba. Na biyu, in an samu abin, yaya ake shigar da shi ajin da ba wuta ba majigi? Wanda ya san hanya ya taimaka dalla-dalla, don Allah.

Malam Ɗan Galmi, Yamai

Wa alaikumus salam Mushe. Ka ɗauki intanet a matsayin wurin shirin malami. Abin da zai shiga aji takarda ɗaya ce: taswira guda, ko sakin layi guda, ko hoto guda, da tambayoyi uku ko huɗu a ƙasa. In ka tsaya a kan haka rashin majigi ba zai dame ka ba.

Wurin farawa shi ne babban tarihin Afirka na UNESCO, Histoire générale de l'Afrique. Juzu'i takwas na asali suna nan kyauta a rumbunsu mai suna UNESDOC, PDF ne, da Faransanci. Kada ka ce za ka karance su, kowanne ya kusa ko ya haura shafi dubu. Babi za ka nema. A juzu'i na IV akwai babin Mahdi Adamu a kan Hausawa da maƙwabtansu, da babin daular Songhai. A na V akwai babin ƙasashen Hausa wanda ɗan ƙasarmu Diouldé Laya ya rubuta. Na VI yana da daular Sakkwato da Barno daga alƙalamin Murray Last. Na VII shi ne naka na mulkin mallaka, 1880 zuwa 1935. A na I kuma Boubou Hama da Joseph Ki-Zerbo sun yi babi a kan matsayin tarihi a cikin al'ummar Afirka, yana da amfani a darasin buɗe shekara.

Yadda ake ciro babi: ka buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ka danna Imprimer, a wurin zaɓen na'urar bugawa ka zaɓi Enregistrer au format PDF, ka rubuta daga shafi kaza zuwa shafi kaza. Abin da ke rikita mutane a nan, lambar da ke buge a jikin littafin ba ta zuwa daidai da lambar shafin PDF, saboda bango da gabatarwa su ma an ƙirga su. Ka je shafin farko na babin, ka dubi lambar da manhajar ta nuna a sama, da ita za ka yi aiki. Faransancin nasu na jami'a ne, yaron 4e ba zai haɗiye shi ba. Ka ɗauki layi takwas zuwa goma, ka bayyana kalmomi uku masu wuya a ƙasa, sauran ka bar wa kanka.

Na biyu Gallica, shafin babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Nan ne tsofaffin taswirori suke, da jaridun lokacin, da littattafan matafiya irin su Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850, da Monteil, da rahotannin tawagar Tilho. Ka shiga Recherche avancée, a nau'in takarda ka zaɓi Cartes, ka ƙayyade shekaru, misali 1890 zuwa 1914. Sai ka rubuta suna yadda Bafaranshen lokacin zai rubuta shi, don in ka sa Tasawa ba abin da zai fito sai ka sa Tessaoua, haka Ader da Adar, Gober da Gobir, Haoussa, Birni N'Konni. Sunan Kawsan kuwa, jagoran Abzinawa da ya yaƙi Faransawa, ka gwada Kaocen, Kaossen da Kaoussan, kowanne da abin da yake fitarwa. Hotunan zamanin mallaka suna rumbun Ulysse na ANOM, ma'ajiyar takardun mallaka da ke Aix-en-Provence. Muƙalun masana kuma suna Persée, kyauta, can za ka nemi sunan Djibo Hamani a kan Adar da Ayar, da André Salifou a kan Damagaram.

Tunda ka ambaci iyakoki, ga darasin da yake zama daram a Tawa. Yara da yawa, har da wasu shafukan intanet, suna cewa a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 aka zana iyakar Nijar da Najeriya. Ba can aka zana ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka yarda da layin da ya tashi daga Say zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake yarjejeniya, a cikinta aka ce iyakar ta bi bakan da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, wato kusan kilomita 160. Ka buga taswirar kudancin Nijar da arewacin Najeriya wadda ke da sandar ma'auni a ƙasa. Kowane rukuni ya buɗe kampas ɗinsa daidai kilomita 160 a kan sandar, ya kafa tsinin a Sakkwato, ya zana. In taswirar 1/2 000 000 ce, buɗin santimita 8 ne. Za su gani da idonsu Birnin Ƙonni da Madawa sun faɗa cikin rabon Ingila, Tawa kuma ta tsira a waje, tunda nisanta da Sakkwato ya ɗan haura kilomita 200.

Daga nan ka tambaye su: to me ya sa yau Ƙonni take Nijar? Amsar rijiyoyi ce. Da wancan bakan, Faransawa ba su da hanya mai ruwa da za ta kai ayarinsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai sun zagaya ta arewa inda ƙishirwa ke kashe dabbobi. Shi ya sa aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, sannan tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Awa ɗaya ta isa, kuma yaron da ke da dangi a Illela ta Najeriya ba zai manta ba. Abin da ke ɓata darasin: in mai fotokofi ya rage ko ya ƙara girman takardar, lissafin 1/2 000 000 ya tashi aiki. Sandar ma'auni ita ce ke raguwa tare da taswirar, don haka da ita za a auna, kada a dogara da lambar.

Wani abin da ya kamata yaran jihar Tawa su ji daga bakinka: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin jiharku. Shafuka da dama suna rubuta Gobir kawai, mai karatu ya ɗauka duk a Najeriya ne. Gobir ɗin ta ratsa ɓangarorin biyu, Birnin Lalle da Tsibiri suna wannan gefen, Alƙalawa tana wancan.

Injiniya Mai Sola, Tawa

Malam Ɗan Galmi ya gama da abin da za a nema. Ni bari in yi maganar na'ura, don nan ne kuɗi ke zubewa a banza.

Mushe, ka sa manhajar Kiwix a wayarka da kwamfutar makaranta. Kyauta ce. Aikinta ta buɗe Wikipedia da wasu rumbuna ba tare da rezo ba. Sau ɗaya ake sauke kundin, fayil ne mai ƙarewa da zim. Kundin Wikipedia iri uku ne: maxi mai hotuna, nopic marar hotuna, mini mai gabatarwar kowane maƙala kawai. Na Faransanci mai hotuna gigabait gommai ne, kada ka taɓa shi da forfe ɗin waya, sai inda ake da wifi mai ƙarfi, ko ka kwafa daga wanda ya riga ya sauke. Na Hausa ƙarami ne, waya ma tana ɗauka. Akwai kuma Vikidia, wadda aka rubuta da Faransanci mai sauƙi don yara ƴan shekara 8 zuwa 13. Ita ta fi dacewa da ƴan 6e da 5e a kan Masar ta dā ko zagayen duniya, amma a kan Nijar ba ta da abin kirki.

Matsalar da aka fi kawo mana: saukewa ta kai wani wuri ta tsaya, ko kwafi ya ƙi shiga kati alhali akwai fili. Dalili, yawancin katin memori na giga 32 zuwa ƙasa da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Sai an sake tsara katin zuwa exFAT a kwamfuta, kuma yin haka yana share duk abin da ke ciki, don haka a kwashe tukuna. Wasu tsofaffin wayoyi ba sa karanta exFAT, ka gwada da katin da ba komai kafin ka ɓata dare. Ka kuma guji katin da aka rubuta giga 128 a jiki ana sayar da shi da arha a bakin tasha. Yana nuna girman ƙarya, in ya cika ainihin cikinsa sai ya riƙa taka tsofaffin fayiloli. Gwajinsa shi ne a cika shi da bidiyo har baki, sannan a buɗe na farkon da aka sa.

A ƙarshen sunan kowane kundin Kiwix akwai shekara da wata. Ranar da aka ɗauki hoton Wikipedia ke nan, duk abin da ya faru bayanta ba ya ciki.

Maganar majigi. Ƙananan nan na aljihu masu batir, haskensu bai isa ajin da rana ke shiga ta taga ba, balle ajin zana. Wanda zai nuna da rana yana son haske wajen lumen 3000, irinsa kuma yana jan wat 250 zuwa 300, ƙaramin batirin sola na cajin waya ba ya ɗaukarsa. In COGES, kwamitin kula da makaranta, za ta sayi abu ɗaya, ni lasifikar Bluetooth mai batir zan ce a saya. Jawabi ko hira ta minti uku, yara tamanin za su ji ta tsaf, alhali fuskar waya benci biyu kawai ke gani. In kuma makarantar tana da babban majigi, a riƙa wanke matatar iskarsa lokacin hunturu, ƙura ce ke toshe ta ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar darasi, kuma kada a zare wayar wuta sai fankarsa ta tsaya.

Bidiyo a sauke shi a 360p, minti biyar ba ya wuce mega 20 zuwa 30. Tsakanin malamai a tura da Xender ko Quick Share, ba sa cin forfe. Taswira kuwa in za ta bi ta WhatsApp, a tura ta a matsayin Document. In aka tura ta a matsayin hoto manhajar tana matse ta, sunayen garuruwa su dagule.

Bugawa: yara 80, rukuni na mutum huɗu, takarda 20. In fotokofi dala biyar ne, dala ɗari ke nan darasin ya ci, kuma in ka karɓe takardun bayan darasi za su yi maka ajin gaba da shekara mai zuwa. Taswira mai launi in ta bi ta injin baƙi da fari, ja da kore duk toka ɗaya suke komawa. Ka buga guda tukuna, ka bi yankunan da biro, wannan ɗigo-ɗigo, wancan layi a karkace, sannan ka ninka daga ita. Kile ɗin USB da kake kaiwa shagon fotokofi kuma ka ware shi daban, PDF kawai a ciki, don kwamfutocin shago suna yawan ɗauke da cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Mushe Na'Adar, Tawa

Allah ya saka da alheri, malamai. Darasin kampas ɗin nan zan shirya shi. Saura labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa: ina ake samun taswirar Nijar marar rubutu wadda yara za su cike, da alƙaluman jama'a da na ruwan sama? Kuma yara suna yawan kawo mini hotuna daga waya suna cewa wannan Sarauniya Mangu ce, wannan Kawsan ne. Me zan ce musu?

Malama Hajiya Ta Yantala, Yamai

Sannu da ƙoƙari Mushe. Taswira marar rubutu tana d-maps.com, kyauta, baƙi da fari, ta dace da fotokofi. Ka zaɓi Nijar, za ka ga iri-iri: iyaka kawai, da jihohi, da koguna, da manyan garuruwa. Amma duk taswirar gundumomi da ka samu a intanet, ko daga ina take, ka yi mata gwaji ɗaya kafin ka buga. Ka duba jihar Tawa: in babu Bagaruwa, Malbaza, Tasara da Tiliya, taswirar ta gabaci gyaran 2011 ce, lokacin da gundumomin ƙasar suka tashi daga 36 zuwa 63. Tawa tana da takwas a dā, yanzu goma sha biyu.

Ban yarda da Injiniya ba a kan cewa komai sai an buga. Taswirar allo ta fi, don yaro yana ganin yadda ake gina ta. Ka ja murabba'ai na santimita 2 a kan takardar A4 da fensir, ka ja na santimita 10 a allo da alli mai laushi, ka kwafa gida-gida. Ta ninku sau biyar, wajen mita ɗaya da rabi a faɗi. In kana son wadda za ta daɗe, ka yi ta a kan takardar buhun siminti da aka buɗe aka goge, da maka, a naɗe a ajiye a ofis.

Alƙaluman jama'a daga INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, za ka ɗauka. Ƙidaya huɗu sun isa darasi: 1977 mutum miliyan 5.1, 1988 miliyan 7.2, 2001 miliyan 11, 2012 miliyan 17.1. Jihar Tawa a 2012 tana da wajen miliyan 3.3. Yara su zana layin hauhawa da kansu, santimita ɗaya a tsaye miliyan biyu, a kwance santimita ɗaya shekara biyar. Kuskuren da suke yi kullum shi ne su jera shekarun huɗu da tazara ɗaya, alhali tsakaninsu shekara 11 ne, 13, sai 11, ka tsaya a kansa. Dalar shekaru kuwa, wato zanen da ke nuna yawan jama'a bisa shekarunsu, tana PopulationPyramid.net, kowace ƙasa da kowace shekara. Ka ajiye ta Nijar kusa da ta Japan, ka bar su su faɗi bambancin. Sai dai ka gaya musu wannan shafin da hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya yake aiki, shi ya sa lambarsa ba ta zuwa daidai da ta INS. Ƙidaya daban, hasashe daban, kuma a jarrabawa a rubuta shekara da tushen kowace lamba.

Ruwan sama ma haka. Duk jadawalin da ka samu, ka duba shekarun da aka yi matsakaicin a kansu. Na 1961 zuwa 1990 ya haɗa da farin 1973 da na 1984, na 1991 zuwa 2020 bai haɗa ba. In ka ɗauki Yamai daga wannan, Tawa daga wancan, kwatancen ya lalace tun kafin a fara. Ka ɗauki tashoshi uku daga tushe ɗaya, Gaya, Tawa, Agadas, yara su yi zanen ruwa da zafi a kan ƙa'idar P = 2T, wato digiri ɗaya na zafi daidai da milimita biyu na ruwa a jikin zanen, za su ga yadda damina ke gajarcewa in ana hawa arewa.

Abin da waya ke yi wanda takarda ba ta yi shi ne Google Earth Timelapse, hotunan tauraron ɗan'adam daga 1984 zuwa shekarun baya-bayan nan. Ka ɗauki hoton fuskar waya na shekara biyu, ta farko da ta ƙarshe, a wuri ɗaya. Yamai ta fi nuna abin a fili, yadda gari ya ci gonaki a gefen hagu na kogi da Harobanda da ke gefen dama. Ku a can ku gwada tafkin Tabalak, da kwarin Keita inda aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a 1984.

Tarbiyyar ɗan ƙasa ita ce inda tsohon shafi ya fi cutarwa. Darussa da yawa da ke yawo a rukunonin malamai an rubuta su ne a kan kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yuli 2023. Taken ƙasa an sauya shi a Yunin 2023. An kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso a 16 ga Satumba 2023, ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata a Janairun 2025. Duk fayil ɗin da ba shi da kwanan wata a jiki kada ka ɗauka. A kan hukumomi da dokoki ka duba shafin jaridar Le Sahel da na kamfanin dillancin labarai ANP, sannan ka daidaita da abin da sufeto da mai ba da shawara kan koyarwa suka aiko, don a kansa za a yi jarrabawar BEPC.

Malam Ɗan Galmi, Yamai

Hajiya ta bar mini maganar hotuna. Mushe, kada ka ce wa yaro hotonsa ƙarya ne, kada kuma ka ce gaskiya ne. Ka karɓa, ku bincika tare a gaban aji, wannan ma darasin tarihi ne. Ka buɗe hoton da Google Lens, ko ka ɗora shi a TinEye, wanda ke iya jera sakamako daga mafi tsufa. Abin da ake nema uku ne: wa ya ɗauka, a wace shekara, a wace ma'ajiya yake yanzu. In hoton ya kai ka ga gidan tarihi ko ma'ajiya mai lambar rajista, ka karanta bayaninsu, sau da yawa za ka tarar mutumin wata ƙasa ne daban. In bai kai ka ko'ina ba sai Facebook da TikTok, a rubuta a allo: ba a san tushensa ba. Yanzu kuma ga hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, fata sumul, kayan yaƙi masu ƙyalli. Su waɗannan manhajojin in ka tambaye su tarihin Adar za su ba ka amsa mai daɗin karatu, da shekaru da sunayen littattafan da babu su. Duk shekarar da suka ba ka ka nemo ta a wani wuri kafin ta hau allo.

Batun Sarauniya yana son kulawa ta musamman. Yaƙin Lugu, garin Sarauniya, ya faru a Afrilun 1899, lokacin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa ta yankin Dogondutse, kafin kisan gillar Birnin Ƙonni a watan Mayu, da mutuwar kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori a 14 ga Yuli, da kashe su Voulet ɗin da sojojinsu suka yi kwanaki kaɗan bayan haka. Wannan ba gardama. Amma abin da hafsoshin Faransa suka rubuta a kan ita kanta Sarauniyar ƴan layuka ne. Yawancin dogon labarin da ke intanet, da maganganun da ake sa mata a baki, daga ƙagaggen littafin Abdoulaye Mamani na 1980 suka fito, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986. Hotunan ƴar wasan fim ɗin ma suna cikin masu yawo da sunanta. Wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan, kuma sarautar Sarauniya tana nan a Lugu har yau. Ka kawo wa ƴan 3e gajerun nassoshi uku a takarda ɗaya: na hafsan Faransa, na bakin mutanen yankin kamar yadda masu bincike suka rubuta, da na marubucin. Su cike jadawali: wa ke magana, yaushe, wa yake so ya ji, me ya bari bai faɗa ba. Ka shirya su tukuna a kan kalaman raini da ke cikin rubutun ƴan mallaka, kada ka goge su, ka sa su cikin alamar zance ka tambayi abin da suke nunawa game da mai rubutun.

Akwai gajerun shirye-shirye na DW masu suna Tushen Afirka, da Hausa, a kan mutane irin su Bayajida. Minti kaɗan ne, sun dace da lasifikar da Injiniya ya ce. A buɗe darasi da su, amma a bayyana wa yara cewa labarin Bayajida labarin asali ne da aka gada a baka, ana nazarinsa a haka.

Tarihin Adar kansa, su Agabba ɗan Sarkin Agadas da ya kafa sarauta a ƙarshen ƙarni na 17, kaɗan ne ya hau intanet. Yana cikin littattafan IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, da faya-fayen CELHTO, cibiyar tarihin baka da ke nan Yamai tun 1968. Wanda ya zo Yamai a cikinku ya shiga ya nemi izinin ɗaukar shafukan da kuke bukata. Sauran kuma yana bakin tsofaffinku. A ba kowane rukuni tambaya biyar iri ɗaya a kan farin 1984: me aka ci, ina aka tafi, nawa aka sayi tiyar hatsi, wa ya taimaka, wane suna aka ba shekarar. Su nemi izinin dattijo kafin su kunna waya, minti goma ya isa, a rubuta sunan gari da ranar hira.

Injiniya Mai Sola, Tawa

Ƙari kaɗan a kan hirar da Malam ya ce. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin opus yake fita, wasu kwamfutoci da ƙananan rediyo masu cin kati ba sa buɗe shi. Yara su yi amfani da manhajar ɗaukar murya ta wayar, ko a juya fayil ɗin zuwa mp3 da VLC, a ƙarƙashin Média akwai Convertir. A ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a cikin ɗaki ko zaure, don iska tana cinye murya a waje. Sunan fayil ya zama shekara, gari, batu, misali 2025_Bambay_fari84, ba sunan dattijon a ciki. Kowace UP ta tarihi, wato rukunin malaman darasin, ta riƙe kati biyu masu abu iri ɗaya, guda wurin shugabanta, guda a ofishin darakta, a riƙa daidaita su ƙarshen kowane zango.